Yadda zaka auna iskar kabon da ke fita daga rijiyar gas ɗinka, da wadda ka kama

Tun ranar da na faɗa cewa gas ɗin da ke fitowa daga rijiyar kashin shanu ba dukansa ne ke ci da wuta ba, mutane ba su barni na huta ba. Wani ya tare ni a kasuwar Gujungu ina tsaka da cinikin tiyo, wani ya kira ni bayan isha'i, har Baffana da na haɗa wa tasa rijiyar a bayan gida ya ce min "kai ɗan nan, ka ce akwai iskar banza a ciki, to nawa ce, mudu nawa?" Na ce Baffa ai ba'a aunata da mudu, ya ce to da me. Amsar da na bashi ce zan rubuto a nan, amma da tsawo.

Gas ɗin iska biyu ce a gauraye. Akwai metan, ita ce mai ci, tana kama kashi 50 zuwa 70 cikin 100, ragowar kuma kusan duk CO2 ce, wadda zan riƙa kira iskar kabon. Ita ba ta ci, sai dai ta cika wuri ta rage wa wuta ƙarfi, shi yasa wasu ke bi da gas ɗin ta cikin ruwan farar ƙasa don su kama ta. Toh wahalar ba wajen kamawar take ba, wajen sanin nawa ka kama take. Kuma kar ka raina abin, a Norwe akwai wajen haƙar gas a teku da ake kira Sleipner, tun 1996 suke tura iskar kabon ƙarƙashin ƙasa suna ajiyewa, amma daga baya kamfanin da bakinsa ya amsa cewa daga 2017 zuwa 2021 na'urar awonsu ta riƙa ƙara musu lissafi. In masu injiniyoyi da dala sun zame, kai mai jarka da sirinji sai ka bi a hankali.

1. Kayan aiki, da inda kuɗin yake

Mitar gas mai lambobi irin ta mitar ruwa, ƙarama, wadda aka rubuta G1.6 a jikinta. Ita tana karanta daga lita 16 zuwa lita 2,500 a awa ɗaya, ya ishi gida. Akwai G4 babba, amma ba ta jin gas in ya yi ƙasa da lita 40 a awa. Sai farin tiyo irin wanda magina ke ɗaukar lebur dashi kamar mita biyu, sirinji babba na cc 60 guda biyu, guntun tiyon ƙarin ruwa da kilif ɗinsa, soda irin ta masu yin sabulu, ma'aunin zafi, ƙaramin sikeli mai nuna giram, jarka mai lita 25 mai murfi na kirki, mazurari, safar hannu ta roba da tabarau, da littafi ɗaya wanda ba za'a yage shi a ƙulla ƙosai ba.

Ba zan sa farashi da naira ba don kafin wata ya kama ya canza. Abin da zan faɗa maka shine kuɗin mitar kaɗai ya fi na duk sauran kayan a haɗe, nesa ba kusa ba. Sirinji da tiyon ƙarin ruwa kemis ɗin garinku ma yana dasu, tiyo da bawul da gam ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, mitar kuma sai ka tambayi masu kayan gas a Sabon Gari, wani lokacin sai an yi maka odarta. In ku uku ne masu rijiya a gari ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya kuna karɓa-karɓa, ba sai kowa da tasa ba.

2. Fara da neman yoyo

Kar ka auna komai sai ka tabbatar layin ba ya yoyo, in ba haka ba duk lissafin da zai biyo baya na banza ne. Lanƙwasa farin tiyon nan ya zama kamar harafin U, ka kafa shi a jikin katako da rula a tsakiya, ka zuba ruwa zuwa rabi, ka ɗan ɗiga shuɗi ko zoɓo don ka riƙa ganinsa. Baki ɗaya ka jona da layin gas, ɗayan ka barshi a buɗe. Tazarar da ke tsakanin ruwan ɓangarorin biyu ita ce ƙarfin matsin gas ɗinka, a santimita.

Bari gas ya cika layi, ka rufe bawul ɗin rijiya da na murhu, ka yi alama, ka jira minti 10. In ruwan ya sauka akwai yoyo. Kaɗa omo a ruwa ka shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne.

Gargaɗi: dan Allah ban da ashana, ban da sigari, ban da fitilar ƙwai. Metan in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin iskar ɗaki fashewa yake yi. Kuma kayi gwajin da safe ko da yamma a inuwa, don in rana ta bugi tiyo gas ya kumbura sai ya ɓoye maka yoyon.

3. Tare ruwa da wari kafin su isa mita

Gas ɗin rijiya jiƙaƙƙe ne, yana zubar da gumi a cikin tiyo, kuma yana ɗauke da wannan iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cin ƙarfe. Su biyun ke kashe mita. A wuri mafi ƙasa a layin ka sa kwalba mai tara ruwa wadda zaka riƙa zubarwa, bayanta kuma guntun bututu cike da soson ƙarfe mai tsatsa ko dusar ƙarfe ta wajen masu walda. Sannan mita, a tsaye cak, a inuwa, kibiyar jikinta tana kallon inda gas ya nufa.

Gargaɗi biyu a nan. Soson in ya yi baƙi ka zo canzawa, kar ka watsar dashi kusa da kara ko danni, yana ɗaukar zafi da kansa in ya sha iska, ka yayyafa masa ruwa ka baza a ƙasa a fili. Na biyu, kar ka taɓa zura kai cikin rijiya ko ramin da gas ke taruwa. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan sau ɗaya da rabi, ƙasa take kwanciya, ba ta da launi. Ita ce ta fito daga tafkin Nyos a Kamaru a 1986 ta kashe mutum sama da 1,700 a dare ɗaya.

4. Gwada mitar kafin ka yarda da ita

Nan ne kusan kowa ke tsallakewa, kuma nan ne ni na sha kashi, ba na shanu ba, ɗayan. Na taɓa sayen mita ta hannu a wajen wani, na yi wata guda ina rubuta lamba ina jin daɗi, ashe duk lita 20 ita 23 take nunawa.

Gwajin ba wuya. Huda murfin jarka gida biyu. Rami ɗaya ka zura tiyo har ƙasan jarkar, samansa da mazurari. Ɗayan ka sa gajeren tiyo da zai tafi bakin shiga na mita. Ka toshe gefen ramukan da gam sosai. Fara zuba ruwa kaɗan har ya rufe bakin dogon tiyon, sannan ka rubuta lambar mita. Yanzu ka zuba ruwa lita 20 daidai, a hankali, kar ka bari mazurarin ya riƙa zuƙar iska. Duk litar ruwan da ta shiga tana koro litar iska ta bi ta mita, don haka mita ta matsa da lita 20. Ka tuna mitar da kubik take ƙirga, kubik ɗaya lita 1,000 ne, lambar ƙarshe ta cikin jan gida ita ce lita.

Kar ka dogara da rubutun jikin bokiti ko jarka wajen auna ruwan. Sikeli ya fi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka maimaita sau uku. In kullum 21 take baka maimakon 20, ba sai ka yar da ita ba, ka riƙa ninka duk abin da ta nuna da 20 ka raba da 21. In kuwa yau 19 gobe 23, wannan ta tashi aiki. A sake gwajin duk bayan wata uku, ko duk sanda aka ɗauke ta aka kai wani gida a kan babur.

5. Karanta na kwana guda, ba na minti biyar ba

Rubuta lambar mita da safe bayan an sauke koko, gobe ma daidai wannan lokacin. Abin lura shine mita gas ɗin da aka yi amfani dashi take ƙirgawa, ba wanda rijiya ta haifa ba. Sai sun zo ɗaya ne in ma'ajiyar gas tana matsayi ɗaya a duka karatun biyu, wato ruwan tiyon U yana kan alama ɗaya, ko, in rijiyar mai duro ce mai tashi sama, duron yana tsayi ɗaya. Shi yasa na fi son a yi kwana bakwai a jere a raba da bakwai.

Duk sanda ake girki ka rubuta zafin da ke wajen mitar, ka manna ma'aunin a jikin bututun ka naɗe da tsumma, ka kuma rubuta santimitar tiyon U. Lambar mita ba tare da waɗannan biyun ba rabin labari ce, zaka ga dalili a mataki na 7.

Wanda ba shi da mita amma rijiyarsa mai duro ce mai tashi sama, shi ma zai iya. Ka samu duro irinsa ka zuba lita 10 ka ga santimita nawa ruwan ya hau. Duron lita 200 na yau da kullum kowace santimita kusan lita biyu da rabi ce. Sai ka rufe bawul ka ga nawa ya tashi a awa.

Kuskuren da na fi gani: a kifa jarka cike da ruwa a riƙa busa gas ciki ana auna ruwan da ya fita. Iskar kabon tana narkewa a ruwa, ita ce ma take sa lemon kwalba kumfa, lita ɗaya ta ruwa na iya shanye kusan kashi uku cikin huɗu na litar kabon zalla. Kaga abin da kake nema shi ne ke ɓacewa a hanya. In dole sai da ruwa, ka narka gishiri har ya ƙi narkewa, wannan ruwan kaɗan yake sha.

Sai masu kawo gilashin nan na auna gudun gas mai ƙwallo a ciki, irin wanda ake gani a kan tukunyar oksijin a asibiti. Kowane da iskar da aka yi masa. In na iskar gari ne, a ɗanyen gas kusan daidai yake nunawa, ka ninka da 1.03. A gas ɗin da aka tace ya koma kashi 90 metan sai ka ninka da 1.24, a kabon zalla kuma da 0.81. Wanda bai san haka ba sai ya sa gilashi ɗaya gaba da bayan matata, wato jarkar ruwan farar ƙasa, ya ce ya kama abin da bai kama ba.

6. Gwajin sirinji: kashi nawa ne kabon

Haɗa ruwan soda, giram 10 a ruwa cc 100, a kofin roba mai kauri ko gilashi. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, zai yi zafi, ka bari ya huce sarai.

Gargaɗi: safar hannu da tabarau dole ne. Ban da kwanon alminiyum, soda tana cinsa. In ta taɓa ido ko fata a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, na ido a wuce asibiti. Kuma wallahi kar a zuba ta a robar ruwan sha a ajiye, kamar ruwa take, yaro ya kurɓa ta ƙona masa maƙogwaro.

Sirinji na farko ka jona a layi kusa da mita, ka ja gas ka fesar waje sau uku don ya kore iskar da ke ciki, a na huɗu ka ja cc 50 daidai ka matse kilif. Na biyu ka ja ruwan soda cc 10, ka kore duk wani kumfan iska har cikin guntun tiyon. Jona su, buɗe kilif, tura sodar cikin na gas, rufe, ka girgiza kamar minti biyu. Zaka ga sandar sirinjin tana shigewa da kanta, soda ce ke cinye kabon. In ta tsaya ka ajiye minti biyar, ka ɗan ja sandar ka saki don kar ta maƙale, ka tsayar dashi ka karanta gas ɗin da ya rage ban da ruwan.

In 30 ya rage, 20 ya tafi cikin 50, ka ninka biyu, kashi 40 cikin 100 kenan. Kar ka riƙe cikin sirinjin a tafin hannu kana karantawa, ɗumin hannu yana kumbura gas. Yi sau uku, in amsoshin sun bambanta da fiye da cc ɗaya ko biyu iska na shiga wani wuri. Kuma kar ka ɗauki na yau ka yi ta aiki dashi har wata, rijiya sabuwa ko wadda aka ɗura wa kashi da yawa lokaci ɗaya kabon ɗinta yana hawa.

7. Daga lita zuwa kilo

Littattafai za su ce maka litar iskar kabon giram 1.98 ce. Gaskiya ne, amma a sanyin digiri 0, a bakin teku, kuma busasshiya. Mu nan muna sama da teku da mita ɗaruruwa, iskarmu ta fi sakewa, gas ɗinmu da ɗumi da laima. Na yi lissafin duka ukun don Kano da Jigawa, a matsin santimita 10 na tiyon U, ga giram ɗin da lita ɗaya ke ɗauka:

digiri 20, giram 1.72
digiri 25, giram 1.68
digiri 30, giram 1.63
digiri 35, giram 1.58
digiri 40, giram 1.53

In tiyon U ɗinka ya wuce santimita 10, duk ƙarin 10 ka ƙara kashi 1 cikin 100.

Misali mita ta baka lita 1,200 a rana, sirinji ya ce kashi 40, zafi digiri 35. Kabon lita 480 kenan, ka ninka da 1.58, ya baka giram 758, wato kilo ɗaya ba kwata. Da ka ɗauki 1.98 ɗin littafi da 950 zaka rubuta, ka ƙara wa kanka kusan giram 200 daga zaune. Haka kuma lita 1,000 ta sanyin Janairu da lita 1,000 ta zafin Afrilu ba nauyinsu ɗaya ba. Manyan kamfanoni saboda wannan ciwon kan ne da yawansu ke sa mitar Koriyolis wadda nauyi take aunawa kai tsaye, mu kuma teburin nan ne tamu.

8. Nawa ka kama

Matatar jarka ce ko ƙaramin duro mai ruwan farar ƙasa, gas ya shiga ta ƙasa ya yi ɓul-ɓul ya fita ta sama. Zurfin da tiyon shiga zai nutse kar ya kai santimitar tiyon U ɗinka, in ya kai gas ba zai iya turawa ba, murhu ya mutu uwargida ta fito. Ka kuma sa kwalba wadda ba komai tsakanin mita da matata, don da dare in layi ya huce yana iya zuƙo ruwan baya ya shiga mita.

Yi gwajin sirinji kafin matata da bayanta, a zama ɗaya. A ce kafin 40, bayan 10. Kusan kowa sai ya ce 40 a cire 10 saura 30, kashi 30 na 1,200 lita 360. Ba haka bane, don gas ɗin da ya fito ya riga ya ragu, goman ba ta 1,200 ba ce. Metan zaka bi, ita matata ba ta taɓa ta. Ta shiga lita 720, wato 1,200 a cire 480 na kabon. A waje ita ce kashi 90, don haka duka gas ɗin da ya fito 720 a raba da 0.9, lita 800. Kabon da ya tsere lita 80, wanda ka kama 480 a cire 80, lita 400, a digiri 35 giram 632.

In kana da halin aron mita ta biyu ka sa a bayan matata na kwana biyu. Ya kamata ta nuna kusan 800. In 700 ta nuna, kar ka yi murna wai ka kama da yawa, murfin matatarka ne ke yoyo, metan ɗinka ke tafiya sama, ka koma mataki na 2.

9. Farar ƙasa nawa, kuma yaushe ta gaji

Ba duk abin da ake sayarwa da sunan farar ƙasa ke aiki ba, wata alli ce kawai, ta riga ta ƙoshi. Gwada ta: dama cokali ɗaya a kofin ruwa, bari ya kwanta, tsiyaye garai ɗin saman, ka sa tsinken shan lemo ka hura, hurawa kawai ban da zuƙa. In ya yi fari kamar an ɗiga nono mai kyau ce. Mafi arha ita ce farar lakar nan da masu walda da kabaid ke zubarwa a bayan shago, sau da yawa kyauta ma za su baka. Amma ka jiƙa ta a fili kwana biyu tukunna kana juyawa, nesa da wuta, don ragowar kabaid ya gama fitar da gas ɗinsa. Ita ma tana cin hannu da ido, a sa safa.

Kowane kilo na iskar kabon yana cin kusan kilo 1.7 na busasshiyar farar ƙasa mai kyau, kaga giram 632 ɗin misalinmu ya haura kilo ɗaya a rana, lakar kabaid kuma da yake jiƙaƙƙiya ce sai ka ƙara sosai. Soda ma tana kamawa, har ta fi sauri, amma kilo 1.8 take ci kuma da tsada, a bar ta wa sirinji. Farar ƙasa kaɗan ce ke narkewa a ruwa, ƙasa da giram 2 a lita, don haka da kauri ake dama ta kamar kunu, a riƙa girgiza jarkar safe da yamma in ba haka ba ta kwanta gas ya wuce ta sama salin alin.

Wani ya tambaye ni ko da wannan zai samu kuɗin kabon da ake ta magana, wato wanda ake biyan masu rage wannan iskar. Ni dai ban ba shi ƙarfin gwiwa ba, don ita farar ƙasar ma sai an ƙona dutse ake samunta, wajen ƙonawar kuma ana sakin irin wannan iskar. Ribar da ke hannu ita ce wuta mai ƙarfi da tukunya mai saurin tafasa.

Sirinji ne zai gaya maka ranar canji. Duk kwana biyu ka gwada gas ɗin bayan matata, ranar da ka ga ya tashi daga 10 ya doshi 20 ko 25 bayan ka girgiza, ta gaji. Rufe bawul, buɗe matatar a fili iska na kaɗawa, juye lakar a rami ta bushe inda awaki da yara ba sa zuwa, ka rubuta kwanan wata da kilon sabuwar da ka zuba a layi ɗaya da lambar mitar wannan safiyar.